Zoɓon da Na Auna wa Goggo

Sana'ata zoɓo ce. Na fi shekara goma ina dafa shi a gidana da ke unguwar Abbare cikin Jalingo, ina ɗurawa a robobi ina kaiwa ofisoshi da gidajen biki. Goggona, ƙanwar mahaifina, ita ta koya mini a garin Iware, domin a hannunta na tashi bayan rasuwar mahaifiyata. Ita ta nuna mini yadda ake wanke zoɓon sau uku saboda ƙasa, da lokacin da ake jefa citta da kanumfari da ɓawon abarba. Na daɗe ina ganin babu abin da ya rage mini in sani a kan zoɓo, sai Allah ya haɗa ni da wata maƙwabciya.

'Yar ƙabilar Mumuye ce, Kirista, ta yi shekaru tana raba abin sha a wani babban otal a Abuja kafin ta dawo gida. Wata rana da la'asar ta shigo ta same ni ina ɗanɗana sabon dahuwa a kofin roba, sai ta kama haɓa.

"Madam zoɓo, kai kana wulaƙanta abin nan," in ji ta, da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Wannan roba yana kashe shi."

Na ce mata ko a kofin zinariya aka zuba, ai ciki ɗaya za shi. Ta yi dariya ta fita, ni kuwa na bi bayanta da harara, don ba na son a koya mini aikina a tsakar gidana.

Bayan kwana biyu sai ga ta da kwali cike da tambulan iri-iri da kwalabe biyu na ruwan inabi. Da yake ta san ni, kafin in buɗe baki ta nuna mini inda aka rubuta babu barasa a ciki, na karanta har sau biyu. Ɗaya kwalbar mai gas ce, ɗayar kuwa lafiyayyen ruwa ne kwance. Ta fara da mai gas ɗin. Ta zuba a wani tambulan siriri dogo mai ƙafa, ta kuma zuba a kofin shayina mai faɗin baki, ta ce mu jira kaɗan. A cikin dogon, ƙananan kumfa suka yi ta hawa a jere ba su fasa ba, kuma da na kurɓa sai na ji tsami-tsami mai tsinin da ke tsikarar harshe. Na kofin shayin kuwa ya riga ya mutu, ruwan sukari kawai na ji. Kwalba ɗaya ce fa, a gabana aka buɗe ta.

Sannan ta ɗauko wani tambulan mai ƙaton ciki da ɗan tsukakken baki, ta zuba na ɗaya kwalbar, amma ɗan kaɗan, ko rabi bai kai ba. Na ce ta ƙara mana. Ta ce a'a, sararin da ya rage na ƙamshi ne. Ta juya tambulan ɗin a hankali, ta kai mini hanci.

"Ke kana sha da baki kawai," ta ce. "Hanci ma yana sha."

Da muka gama da inabin, na ce bari in ƙure ta, na ɗebo zoɓona na zuba a mai ƙaton cikin, yadda ta yi. Na juya shi na kai hanci. Kanumfari ya fara zuwa, citta ta biyo, can ƙarshe abarba ta leƙo. Shekara da shekaru ina dafa abin nan, ashe ban taɓa jin sa gaba ɗaya ba. Kafin mako ya zagayo na sayi irin tambulan ɗin guda shida, na jera a kabad, kuma duk wanda ya shigo gidana sai ya sha wa'azi kafin ya sha zoɓo. Sabon shiga ai ya fi kowa zaƙewa.

A lokacin tsakanina da Goggo akwai tsami. Shekara uku kafin nan ta kwanta rashin lafiya mai tsanani, ni kuwa bukukuwa sun yi mini yawa, sai na aika mata magani ta hannun direba, ban je ba sai da ta miƙe. Bafulatana ce ta gaske, ba za ta buɗe baki ta ce an ɓata mata rai ba. Sai dai daga ranar ta koma yi mini gaisuwar baƙi, idan na kira ta a waya ta tambayi gida da aiki cikin ladabi, ta yi godiya, ta ajiye. Ta kuma daina taka gidana ko da ta shigo Jalingo. Wannan ladabin nata ya fi mini zagi ciwo.

Sai ran nan 'yarta, wadda muka tashi ɗaki ɗaya, ta kira ni ta ce za ta kawo Goggo asibiti a duba mata gwiwa, kuma ta lallashe ta za su biyo ta gidana su yi azahar. Na san idan wannan zuwan ya lalace, wani ba zai sake samuwa da sauƙi ba. Na yi tuwon masara da miyar kuka, amma hankalina duk yana kan zoɓo. So nake ta ji abin da ta koya mini da hannunta yadda ni na ji shi, ta san ban yar da tarbiyyarta ba.

Suka iso, na shimfiɗa mata tabarma don ba ta son kujera. Bayan sun yi salla na shigo da tire ɗauke da jug na zoɓo da tambulan. Na ɗauki tambulan mafi ƙyalli, na zuba zoɓo mai sanyi daidai inda maƙwabciyata ta nuna mini, na ɗan juya shi, na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu. Goggo ta karɓa. Ta dubi zoɓon, ta dubi jug ɗin da ke cike a kan tire, ta dube ni. Ta ɗan taɓa shi da leɓe ta ajiye.

"Useko," ta ce, wato na gode. "Na ƙoshi."

Ni da wautata sai na ɗauka tsoron fasa gilashin take yi. Na fara yi mata bayanin ƙamshi da hanci, tana gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa mai tallan magani a tasha. Tuwon ma loma uku ta yi. La'asar ba ta yi ba suka tafi.

Da yamma 'yar'uwata ta kira ni daga Iware.

"Adda, me ya kai ki?" ta ce, don haka take kirana, wato yaya. "Tun a mota Inna take share hawaye. Ta ce ita da ta shayar da ke da ƙwarya cike, yau ita kika auna wa ruwa kamar magani."

Da farko zuciya ce ta ɗebe ni. Na ce wane irin abu ne wannan, mutum ya ba ka mafi kyawun abin da yake da shi ka kira shi marowaci? Na yi ta faɗa ni kaɗai ina wanke tukwane. Amma ina cikin wankin na tuna yadda ake ba baƙo abin sha a gidan da na tashi. Cika ƙwarya ake yi har sai mai kawowa ya taho a hankali don kada ta zube, kuma idan baƙo ya sha ya rage, ragowar ita ce shaidar an wadata shi. Wanda aka ba rabi kuwa an gaya masa kada ya daɗe. Na san wannan tun ban iya ɗaura zane ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Washegari da hantsi na hau mota zuwa Iware da jarkar zoɓo da tambulan ɗaya naɗe a cikin ɗankwali. Na same ta a inuwar ɗakinta ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Na gaishe ta, ta amsa da ladabin nan nata. Ban yi wa'azi ba wannan karon. Na ce, "Goggo, na yi kuskure jiya. Na kuma yi wanda ya fi shi shekara uku da suka wuce, da kina kwance ban zo ba. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallon kajin da ke tono a bakin rumbu. Can ta miƙo hannu ta warware ɗankwalin, ta ɗaga tambulan ɗin ta juya shi a rana.

"Wannan ne abin?"

Na ce shi ne. Ta ce in buɗe jarkar. Na kawo hannu zan zuba, ta ture hannuna ta karɓa da kanta. Ta tsiyaya har ya cika fal, ya malalo ta gefe ya jiƙa mata yatsu, sannan ta kafa kai ta sha fiye da rabi ba ta sauke ba. Ta goge baki da gefen mayafi, ta ɓata fuska.

"Cittar nan ta yi yawa," ta ce. "Kuma kin bar shi a wuta ya wuce lokaci. Haka na koya miki? Ke dai tun kina yarinya ba kya jin magana, kullum gaggawa."

Ta ci gaba da faɗa, ta haɗa har da ramar da ta ce na yi da ɗaurin ɗankwalina. Ni kuwa ina durƙushe ina hawaye ina murmushi, don rabona da Goggo ta yi mini faɗa shekara uku ke nan. Da ta gaji ta tura mini tambulan ɗin da ragowar da ke ciki.

"Shanye, ɓingel am," ta ce, 'yata ke nan da Fulatanci. "Sannan ki tashi ki ɗora mana tukunya, yau a nan za ki kwana."