Mero Mai Gumi da Na'urar Awon Hayaƙi

A Kaoje in ka tambayi gidan Mero ba a wahalar da kai da kwatance, sai a ce ka bi hayaƙi. Shekara talatin da huɗu ta yi tana gumin shinkafa a wata rumfar kwano da ke bayan ɗakinta. Takan jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta kwana cikin ruwa, da safe ta tsame ta zuba a rabin duro, ta rufe da buhu, ta hura wuta a ƙasa har tururi ya ratsa ta, sannan a shanya a kai inji. A baki dai aikin ba shi da wuya. Amma wutar ta ɓuntun shinkafa ce da icce, ɗanye in busasshe ya yi wuya, kuma ɓuntu, wato ƙaiƙayin shinkafar, ba ya tashi da harshe, sai dai ya yi ta turnuƙe wuri. Rufin rumfar ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya na reto a jikinsa.

Wajen uwarta ta gaji sana'ar. Uwar ta rasu da tari, aka ce sanyin kogi ne, ba wanda ya sake tayar da zancen. Mijinta Hamma manomin fadama ne, ya rasu shekarar da ruwa ya cinye gonaki, ya bar ta da ɗa guda, Ma'azu. Da yake shi ne ɗan fari ba ta kama sunansa, sai ta ce "wancan". Da rumfar nan ta raine shi, da ita ta yi masa aure. Masu sayen shinkafarta har daga Tsamiya suke zuwa, wasu ma daga Segbana a ƙetaren iyaka, mata masu jin Dandanci da Hausa kaɗan-kaɗan, waɗanda in sun damƙi shinkafar suka shinshina ba sa ƙara wata tambaya.

Abin da aka fi sanin Mero da shi kuwa, ko shinkafar ba ta kai shi ba, shi ne riƙon amana. Matafiyi zai bar mata ƙunshin kaya ya haye Benin ya yi wata biyu, ya dawo ya tarar ko ƙullin ba a kwance ba. In ta ari tukunya sai ta goge ta da toka da yashi kafin ta mayar. Matan unguwa har zolayarta suke yi, wai in tukunyarki ta yi baƙi kina jin ƙyuyar wanki, ki ara wa Mero. Ita ko a jikinta. Kuma ta san halin hayaƙi sarai: ya taɓa kashe mata rediyo, ya rine mata farin mayafi. Saboda haka ba ta barin abu mai daraja a rumfa. Kwanonin jere, suturar Sallah, Alƙur'anin marigayi, kayan ajiyar mutane, duk suna ɗaka, an rufe su da ƙyalle. Abu ɗaya ne bai taɓa zuwa mata a rai ta raba shi da hayaƙi ba, shi ne ita kanta.

Tarin ya fara ne kamar na kowa. Da aka shekara biyu sai ya zama in ta hauro daga bakin ruwa da tulu sai ta tsaya sau uku a hanya. Malam Badamasi na asibitin garin ya sa abin sauraro a bayanta, ya daɗe yana ji, sannan ya ce mata magani zai rage, amma ba zai yi komai ba muddin tana wuni cikin wannan hayaƙi. Ma'azu na tsaye ya ji. Da suka dawo gida ya durƙusa a bakin ƙofarta, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, in an gama shinkafar rani ta bana, a bar gumi haka nan."

Mero ta ci gaba da abin da take yi. Amma maganar ta soke ta, don ba ta san me mace ke yi da yini guda in ba wutar da za ta hura ba.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta zo da zancen murhun zamani mai bututu, wanda ke zuƙe hayaƙi ya fitar da shi ta saman rufi. Murahun kaɗan ne, masu gumi kuwa da yawa a Kaoje da Kende da Zagga. Sai aka ce za a auna hayaƙin kowace rumfa, a ba waɗanda tasu ta fi muni. Ma'azu ya yi murna. Ya ce in Inna ta samu murhun, to ta ci gaba da aikinta, ba zai sake magana ba. Kowa a unguwar ya ɗauka an gama, don in dai munin hayaƙi ake nema, rumfar Mero ba ta da na biyu.

Wadda ta zo awon wata matashiya ce daga Birnin Kebbi, sunanta Mashkura. Ta gaida Mero har ƙasa, ta buɗe jaka ta fito da wata na'ura fara fat, ba ta wuce girman sabulun wanki biyu ba. Ta yi bayani dalla-dalla, don ba ta cikin masu raina tsofaffi. A cikin na'urar akwai wata farar takarda mai faɗin kwabo, an auna nauyinta a ɗakin gwaji da sikelin da ko gashi guda ya faɗa masa sai ya nuna. Wani ɗan famfo zai riƙa jan iska ta cikin takardar, daidai wa daida, awa ashirin da huɗu cif. Duk abin da ke cikin iskar zai maƙale a jikinta. In an koma a sake aunawa, abin da ya ƙaru shi ne dattin da mutum ke shaƙa a wurin. Ta nuna mata wata takardar a cikin jaka, ta ce wannan 'yar rakiya ce, ba za ta ja iska ba, za ta yi tafiyar ne kawai ta dawo, don a gane ko dattin hanya ya shiga lissafi.

Sai ta ɗauko tef ta auna taki ɗaya daga murhu, ta auna tsawo daidai hancin mutum a tsaye, ta kafa ƙusa a jikin ginshiƙi ta rataye na'urar. Ta ce haka ake yi a kowace rumfa, nisa ɗaya, tsawo ɗaya, awoyi ɗaya, kuma lamba ake rubutawa ba suna ba, don kada gobe a ce an yi son kai.

"Abu ukku nika roƙo, Inna," in ji ta. "Kar a taɓa maɓallan, kar ruwa shi taɓa ta, kuma ki yi aikinki yadda kinka saba."

"In sha Allahu, ɗiyata," in ji Mero. "Yadda kinka kawo ta, haka za ki iske ta."

Motar su Mashkura na tashi, Mero ta hura wuta. Ba a jima ba rumfa ta turnuƙe. Tana juya shinkafa tana jin na'urar a gefenta tana ta zuƙa, siii, ba hutawa. Ta waiga. Wani ɗan baƙin ɗigo ya sauka a kan farin jikinta, ga wani yana biye. Kayan mutane, an ɗauko shi tun daga birni, sabo fil, a mayar da shi gobe kamar gindin tukunya? A gidanta? Ta tuna rediyonta. Ta wanke hannu ta share a zane, ta sauke na'urar a hankali ba tare da yatsanta ya kusanci maɓalli ba, ta kai ta ɗaka. Ta aza ta a saman jere kusa da kwanoni, ta lulluɓa mata siririn ƙyalle, ta saki labule.

Matar Ma'azu, Bashira, tana tsakar gida da goyon 'yarta Halima Sa'adiya, kuma ta ga komai. Ta yi makaranta, jikinta ya ba ta ba haka ake nufi ba. Amma suruka ba ta gyara wa uwar miji aiki, balle a kan ajiya, abin da duk garin ya san Mero ta fi kowa iyawa. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar kuwa, kamar da gangan, Mero ta yi aikin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Duro huɗu ta turara, da ɗanyen icce, hayaƙi har kajin maƙwabta sai da suka ƙaurace wa gindin katanga. Ta yi tari har ta dafa ginshiƙi. Na'ura tana ɗaka tana shaƙar iskar da ta fi kowace tsabta a gidan. Da safe Mero ta goge ta tas, ta mayar da ita kan ƙusarta.

Mashkura ta zo a kan lokaci. Ta duba awoyi sun cika, ta duba jan iskar bai sauya ba, ta rubuta. Ta ɗan tsaya tana kallon farin jikin na'urar, ta ce ba a taɓa maido mata da ita fes haka ba. Mero ta ji daɗi har cikin ranta. Takardar kuwa a rufe take cikin gidanta, ba a buɗe ta sai a ɗakin gwaji, ga direba yana ta hon za su Zagga. Suka yi sallama.

Bayan mako uku Mashkura ta dawo ita kaɗai, a motar haya. Ta zauna a tabarma, aka gaisa, ta sha ruwa. Sannan ta fito da wasu 'yan robobi biyu masu haske ta ajiye. A ɗaya takarda fara, da ƙyar za ka bambanta ta da 'yar rakiyar da ba ta ja komai ba.

"Inna, wagga taki ce. Mi ya faru ran nan?"

Mero ta ba ta labari tiryan-tiryan, ba ta ɓoye komai ba, don ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ta ƙara da cewa ko maɓalli ɗaya ba ta taɓa ba.

"Laifina ne," in ji Mashkura. "Ban ce kar a ɗaga ta ba. Bai zo mini a rai ba."

"To a sake ratayawa, ɗiyata. Ga ƙusar nan ban cire ba."

Ba za a sake ba. Na'urorin aro ne, sun riga sun wuce wata jiha, kuma an rufe jerin sunaye. A ƙa'ida awon rumfar Mero ya ɓaci, rumfar da ba ta da lamba kuwa ba ta shiga jeri. Mashkura ta ce ta rubuta abin da idonta ya gani, rufin da kunkunniyar da tarin, an karanta, an ce ba da ido ake rabo ba. Kuma gaskiya ce, ba a ga laifinsu ba. Da da ido ake yi, da murahun nan sun ƙare a gidajen 'yan uwan manya tun kafin a sauke su daga mota. Biyu sun tafi Kende, ɗaya Zagga, ɗaya ya tsaya Kaoje a rumfar wata mata wadda hayaƙinta bai kai rabin na Mero ba.

Mero ba ta yi gardama ba. Idonta na kan roba ta biyu. Takardar ciki baƙa ce ƙirin, har da kauri.

"Wagga fa?"

"Ta wata rumfa ce a Kende. Na kawo ne ki gani."

Mero ta ɗauka ta kai kusa da ido, ta juya ta.

"Ta kwana nawa ce?"

"Yini ɗaya da kwana ɗaya, Inna."

Ta ajiye robar a hankali. Tun da Malam Badamasi ya yi maganarsa ba ta taɓa jin tsoro ba, ta ɗauka irin faɗar malaman asibiti ce. Ranar ta ji. Ta tuna uwarta, wadda aka ce sanyin kogi ne. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗebo shinkafa a ƙwarya ta ƙulle wa baƙuwa, ta raka ta har zaure.

Ma'azu bai ɗaga murya ba da ya ji, bai ma tambayi dalili ba. Da shinkafar rani ta ƙare ya sake durƙusawa a bakin ƙofa, bai kai ga buɗe baki ba ta ce ta ji. Daga nan Mero ba ta ƙara hura wutar gumi ba. Tana zaune a ƙofar ɗaka yanzu, tana tsince tsakuwa a shinkafa, matafiya na kawo ajiya kamar da.

Sai dai matan Segbana ba su daina zuwa ba, kuma da rumfar nan gidan ke ci. Da sabuwar shinkafa ta shigo, Bashira ce ta jiƙa shanshera. Da safe ta ɗaura zane, ta goya Halima Sa'adiya, ta durƙusa gaban murhu tana hura ɓuntu. Hayaƙi ya taso ya cika rumfa, kan yarinyar na leƙowa ta bayan kafaɗar uwarta.

Mero ta ajiye faifai. Ta toshe hanci da gefen mayafi ta shiga rumfar, ta sa hannu ta kwance majanyin.

"Inna, ba kuka takai ba," in ji Bashira.

"Na sani."

Ta rungumo jikar ta kai ta ɗaka, ta kwantar da ita a gado ƙarƙashin jere, ta saki labule. Sannan ta dawo bakin ƙofa ta zauna tana kallon rumfar. Bashira na ciki, da ƙyar ake ganinta, tana juya duro na farko tana share ido da bayan hannu. Ita Bashira ba ta ɗaukuwa a kai ta ɗaka, kuma akwai sauran duro uku.