Rabin Aski

Dogo mai aski, sarkin taurin kai, ba ya taɓa yin wasan kwamfuta na sata. Ƙaninsa ya taɓa kunyata shi a musu: na satar ya buɗe nan take, nasa na asali yana ta neman intanet kamar ɗan da ya ɓata a kasuwa.

Da aka gyara masa kwamfuta, wasan ya kulle, wai bai san na'urar ba. Sai ga wanda ya sayar masa da wasan ya zo aski. An kai rabin kai, reza na bayan kunne, Dogo ya ce a buɗe masa wasansa.

"Maigida, ai izinin bugawa ka saya, ba wasan ba."

Dogo ya naɗe rezar.

"Kai ma izinin zama na ba ka, ba aski ba. Tashi."