Yarinyar da Ta Ƙi Barcin Rana

A makarantar renon yara da na koyar a Kwamba, da an gama cin abincin rana mukan shimfiɗa tabarmi, mu sauke labule, yara su kwanta. Kowa yakan yi barci ban da wata 'yar shekara huɗu mai wushirya. Takan kwanta ido buɗe, ta damƙe gefen hijabina, idanun nan sun yi ja.

Na yi mata waƙa, na yi mata fifita, duk a banza.

Mama, dattijuwar da ke wanke yaran, 'yar Kudancin Kaduna, ita kaɗai ta daɗe a makarantar. Ita ta warware mini.

"Anti, daina wahalar da kanki. Gadinki take yi."

"Gadina kuma, Mama?"

"To! Duk antin da ta samu aiki a Abuja, Madam mai makarantar cewa take ta sulale lokacin barci don kada a yi kuka. Yara su farka su ga sabuwar fuska. Wannan ta gano dabarar. Ni ce dai ba mai gadina, sun san tsohuwa ba ta da wurin zuwa." Ta kwashe da dariya.

Daga ranar na riƙa kwanciya kusa da ita, ina ba ta hannuna. Sai da damina ta yi nisa, wata rana ruwa na kaɗa kwanon rufi, barci ya ɗauke ta. Na ji yatsunta suna saki a hankali. Na ƙi motsi har hannuna ya sage.

Da na samu gurbin ƙaro karatu, Madam ta ce, "Kin dai san yadda muke yi."

"Ki yi haƙuri, Madam. Da safe zan tafi, idonsu biyu."

An yi kukan da take gudu, har da nawa. Yarinyar ba ta yi ba. Ta rako ni bakin ƙofa, ta tsaya tana kallo har na hau keke napep.

Da na dawo hutu na haɗu da Mama a kasuwa.

"Mama, tana barci kuwa?"

"Tana yi. Amma kullum sai ta tambayi sabuwar antin, 'In za ki tafi, za ki faɗa?'"

Na so in ji ko tana cigiyata. Mama ta riga ta sunkuya tana zaɓen tumatir, ni kuma na tsaya a bayanta, tambayar tana bakina.