Baffa Jimrau Ya Maido Ɗakin Aro

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baffa Jimrau a nan Dakoro, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. An yi masa sutura bayan azahar. Ya cika a kan tabarmarsa, cikin ɗaki mai ƙofa da rufi, ana ruwa a waje ko ɗigo bai taɓa shi ba, ɗiyarsa Kadija tana zaune a gefensa. Na fara da wannan ne domin duk wanda ya san shi ya san abin da muka daɗe muna tsoro: kada wata safiya a tsinci gawarsa a rumfar kara, wato kasuwar dabbobi, ruwa ya kwana a kansa, sai mai shara ya zo ya faɗa mana. Allah bai nufa haka ba. Da labari ya iso mini na yi kuka, amma ba zan ɓoye ba, har da ajiyar zuciya a ciki.

Baffa, ina ƙarama na fara ganinka, bayan farin 1984. Mahaifina Abarci ba shi da ko akuya a turke. Kai kuma ka gangaro daga arewa da 'yan shanun da suka rage maka, ka sauka a bakin gonarmu. Da za ka tashi, ka jawo wata jar karsana ka ɗaure a ƙofar gidanmu, ka ce habbanaye ce. Saboda yaran yanzu da ba su san kome ba sai waya, bari in bayyana: habbanaye aron dabba ne. A ba ka mace ka yi kiwo, ka sha nono, in ta haihu 'ya'yan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita. Mahaifina ya fara godiya, ka tsayar da shi, ka ce, "Kada ka gode, Abarci, aiki na ba ka." Da nonon saniyar nan aka yaye ƙanena. Ɗanta ne ya ja garmar da ta ciyar da mu har na gama kwaleji.

Farin 2010 ya share garkenka. Ba a jima ba mai ɗakinka ta rasu. Kadija tana aure a Bader Goula, ta roƙe ka har ta gaji, ka ce ba za ka ci tuwon gidan suruki ba. Ka shigo gari da sanda da buta, ka shimfiɗa tabarma a wata rumfa ta kara, inda ake cinikin dabbobi. Kana riƙe wa fatake igiya, kana shayar da bisashe, abin da aka ba ka ka ci. A hakan ma ba ka daina alheri ba. Mace in ta zo sayen tunkiyar kiwo ba ta da mai duba mata, kai ne kake tashi ka buɗe bakin tunkiyar ka shafa cikinta, ka ce ta ɗauka ko ta bari. Akuyar wata ta kasa haihuwa, kai ake kira, ka wanke hannu ka tafi ba ka tsaya a ba ka ko fura ba. Mahaifina ya yi ta kiranka gidanmu har ya rasu. Amsarka ba ta sauya ba: "Ina nan lafiya."

Ba ka nan lafiya, Baffa. Damina nawa ta wuce a kanka a rumfar nan. Kuma zan faɗi gaskiya ko da za a ji haushi: a garin nan akwai ɗakunan da aka garƙame, ba kowa a ciki sai ɓera da tsofaffin buhuna, masu su suna wuce ka a kan babur su ɗaga hannu, su ɗauka sun sauke nauyi. Gaisuwa ba ta tare ruwa.

Daminar 2024 ce ta tashe mu. Gidaje suka zube a unguwarmu, aka kai mutane azuzuwan lekol, wato makarantar boko, da aka koma karatu dole suka fita. Mu matan unguwa muka tsaya, mai unguwa ya ba da fili, maza suka yi gayya, aka gina ɗakuna uku don wanda ba shi da inda zai sa kansa. Iyali biyu suka shiga. Na ukun muka ce naka ne. A nan aka yi ɓarna. Samarin da aka aika su gaya maka suka zaɓi ranar kasuwa, suka zo maka gungu, kowa da waya a sama yana ɗaukar hoto, ɗaya yana ɗaga murya wai an kawo wa tsoho taimako. A gaban fataken da suka san ka da garke. Ka naɗe tabarmarka ka koma can bayan kara, inda ko rumfar babu. Iyaye, ku ja kunnen 'ya'yanku. Mai neman a gan shi yana alheri, mutuncin wani yake takawa. Nawa ɗan yana cikinsu, kuma ya ji daga gare ni abin da ba zai manta ba.

Mahaifiyata, Inna, ita ta gyara. Ta ce in riƙe mata hannu in kai ta, kuma in rufe bakina. Ta zauna a gefen tabarmarka, kuka gaisa, kuka yi wa matattu addu'a. Sannan ta ce:

"Jimrau, habbanaye na kawo maka."

Ka dube ta. "Matar Abarci, tsufa ya kama ki. Ina garken da zan sa ta?"

"Wannan ba ta cin ciyawa. Ta ƙasa ce, tana tsaye a bayan masallacin unguwa. Ka riƙe, in ta haihu ka maido."

"Ɗaki yana haihuwa?"

"Kai ne makiyayi, ni za ka tambaya? Mu da ka ɗaure mana taka, gardama muka yi da kai?"

Ka daɗe kana tonon ƙasa da sandarka. Sannan ka yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ka ce, "To a kai ni in ga haƙoranta."

Mun ɗauka magana ce ta lallashi, ta yi aikinta ta wuce. Kai ba ka ɗauke ta haka ba. Washegari aka gan ka a bakin tabki kana kwaɓa ƙasa da ciyawa, kana buga tubali. Ga tsufa, wani yini kaɗan za ka yi ka zauna kana haki. Na je na yi maka faɗa, na ce ba don wahala muka ba ka ɗaki ba. Ka ce, "Ɗiyar Abarci, ke faɗanki ba ya ƙarewa tun kina yarinya. An ba ni aro, in mayar da juya?" Na dawo gida da fushina. Amma kunya ta kama mutane. Saminu magini ya fara tsayawa bayan la'asar yana ɗora maka layi. Samarin nan masu waya suka koma ɗiban ruwa, wannan karon wayar tana aljihu. Kafin hadarin farko, ɗaki na huɗu ya tsaya jikin naka, da rufinsa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, domin har lokacin ba ka kwana a ciki. Butarka da sandarka suna ɗaki, kai kana ƙofa a kan tabarma, wai bango yana matse maka ƙirji. Ga tari ya kama ka, ga damina tana matsowa. Na ce a raina, mun gina, mun lallasa, ruwa zai zo ya same shi a waje kamar kullum. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, gari na wayewa na yafa mayafi na nufi wurin, ƙafata tana nutsewa cikin laka. Na tarar da ƙofar ɗaki ba kowa, ruwa ya kwanta inda kake shimfiɗa. Na leƙa. Ga takalmanka daga ciki, ga ka zaune a busasshiyar tabarma kana jan carbi. Na ce, "Baffa, ya yi yoyo?" Ka ce, "Bai yi ba. Aibinsa ɗaya, mutum ba ya ganin hadari sai ya ji shi a ka." Ranar na ci abinci ya zauna mini.

Saura maganar sabon ɗaki. Mata suka taru za su zaɓi wanda za a sa. Ka aiko aka kira mu, ka ce, "Uwar taku ce, ban musa ba. Ɗan kuwa nawa ne, haka ƙa'ida take." Muka yarda, domin gaskiyarka ce. Ka ce a kira Hamsatu, wadda mijinta ya rasu, gidanta ya zube, take zaune da 'ya'yanta cikin zana da leda tun da suka bar lekol. Ta durƙusa za ta yi godiya, ka ɗaga hannu: "Kada ki gode, ɗiyata, aiki na ba ki." Na juya fuska don kada a ga idona. Maganar da ka yi wa mahaifina ce, sunan kawai ka sauya. Mun yi zaton muna rufa wa tsoho asiri, ashe Allah zai mayar da kai inda ya saba ganinka, a hannun da ke bayarwa.

Da ciwo ya yi ƙarfi, Hamsatu ce ta ji nishinka ta bango ɗaya, ta kira mu, aka kawo likita, aka aika wa Kadija ta iso da ranka. A bayan kara wa zai ji? Ku yi tunani a kan wannan, ku masu ɗakuna a garƙame. Kwana ɗaya kafin ka cika, ka sa Kadija ta share ɗakin, ta fitar da 'yan kayanka ta ɗaure wuri guda. Ka ce a gaya wa Inna ta zo ta duba abarta, ba ka rage mata kome ba. Inna ta je bayan sadakar uku, ta shafa bangon, ta ce ta karɓa. Wani tsoho da ke kwana a tasha zai shiga cikin satin nan, kuma an riga an gaya wa masu kai saƙo kalmar da za su faɗa: habbanaye. Hamsatu kuwa tana tara ciyawa a bayan ɗakinta, tana jiran ruwa ya ɗauke ta fara tubali, don nata ɗakin ma ya haihu.

Ina yi wa Kadija da mijinta da 'ya'yansu ta'aziyya, da dangi na Bader Goula, da mutanen kara da suka zauna da shi, da Hamsatu da marayunta waɗanda suka sake rasa uba. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ya Allah, ga bawanka Jimrau ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yafe kurakuransa, ka yalwata kabarinsa kada ya matse masa ƙirji. Duk abin da aka ara masa a duniya ya mayar lafiya, har da ƙari. Ka saukar da shi a Aljanna Firdausi, a gidan da ba na aro ba. Amin.

Rahamatu Abarci, Dakoro