Kawu Mai Huji da Gwanjon da Ya Ɓoye Sunaye

A bakin faɗa na fara jin sunan Mai Huji. Ina ƙarama ƙanena ya tsinci wata tsohuwar tsabar kuɗi a ƙarƙashin kabad, ya ƙi rabuwa da ita, har barci yake da ita a tafin hannu. Mahaifiyarmu ta gaji ta ce to madalla, an sami magajin Mai Huji, wani mai taurin kan ya ƙaru a dangi. Na ɗauka wani mugu ne a unguwa. Sai da na yi wayo na gane yayanta take nufi, uwa ɗaya uba ɗaya, kawunmu mai yankan makulli.

Shagonsa ɗan siriri ne, a matse tsakanin mai aski da mai cajin waya. In ka shiga, ƙarar injin ce ke fara tarar ka, sai garin tagulla da ke maƙale a girarsa da gashin hannunsa. Makullai na rataye a ƙusoshi har rufi. Mutum ne mai saurin hawa. Idan ka dawo ka ce makullin da ya yanka maka bai buɗe ba, zai ce ƙofarka ce ba ta da tarbiyya, ya fizge, ya goga sau ɗaya, ya miƙo maka ba tare da ya kalle ka ba. Kuma sai ya buɗe.

A aljihun tebur na ƙasa yake ajiye abin da ya ba shi sunan, wato tsofaffin kwabbai masu huji a tsakiya, waɗanda aka daina kashewa tun kafin a haifi 'ya'yansa. Kowanne na cikin 'yar jakar ƙyalle da amininsa Tela ya ɗinka masa daga ragowar yadi. Tela ma mai tara tsaba ne. Su biyu da mai kemis ɗin bakin titi da wani hedimasta mai ritaya, duk ƙarshen mako suna haɗuwa a ɗakin bayan kemis, tsakanin kwalayen magani, su baje tsaba a kan tawul su yi ta musu.

A shafin gwanjo na intanet suke saye. Shafin mummuna ne, ga nawa wajen buɗewa, amma duk wanda ya taya abu ana ganin sunan da ya shiga da shi. Kawu na shiga da Mai Huji, Tela da Almakashi. A kan wannan suka gina ka'idarsu: kowa ya faɗi tsabar da ransa ke so, ranar da ta fito aka ga sunansa a kanta, sauran su janye hannu. Har mutanen wasu garuruwa da ba su taɓa ganin fuskarsa ba sun san in Mai Huji ya tsaya a kan kwabo, a ɗaga masa ƙafa, shi ma zai ɗaga musu wata rana. Wanda kuma ya fita daga gwanjon, na bayansa a layi ya gaji abin da yake nema.

Abin da Kawu ke nema kwabo ɗaya ne, wanda aka yi kuskure wajen bugawa, hujinsa ya kauce daga tsakiya ya ci gefen rubutu. Ya shekara da shekaru yana jiran sa. Tela ne na bayansa a layi.

Sai aka wayi gari masu shafin sun canza komai. An yi masa kwalliya, hotuna sun fito fes, amma an share sunaye. Kowa ya koma mai taya lamba kaza, lambar ma tana sauyawa daga kaya zuwa kaya. An kuma ƙara wani abu: ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, ka tafi harkarka, na'ura ta riƙa tayawa a madadinka.

Kawu ya yi kwana da kwanaki yana kumfar baki. Ya ce an mayar da su ɓarayi, kowa da ƙyalle a fuska. Ya ce wanda ya tsara abin nan bai taɓa riƙe kwabo ya ji sanyinsa ba. Ya kira lambar masu shafin, wata murya ta yi ta gode masa da haƙurin da bai yi ba, ya zage ta tas, sai daga baya mai aski ya gaya masa ba mutum ba ce. A ɗakin bayan kemis ya buga tebur ya rantse a gabansu duka cewa ya bar gwanjon har abada, ko da kwabonsa mai karkataccen huji ne ya fito, a kai kasuwa. Hedimasta ya ce ya sassauta, baki na gaba da zuciya. Ya ce shi ba ya magana biyu.

Bai daɗe da rantsuwar ba kwabon ya fito.

Mai aski ne ya ba ni labarin ranar, don shi ya ga komai ta ƙofar shago. Da rana tsaka Kawu ya kashe inji, ya ja ƙofa rabi, ya sa tabarau, ya duƙufa a kan waya. Bai gaya wa kowa ba, don ya san abin da bakinsa ya faɗa. Ya taya. Kafin ya ɗauke yatsa, wata lamba ta haye kansa. Ya sake, ta sake hawa, ba ko numfashi a tsakani. A tsohon shafi kana jin mutum a ɗaya ɓangaren, yana jinkiri, yana shawara da aljihunsa. Wannan kuwa kamar ka tura bango. Kawu ya tabbata wani dillali ne marar imani, irin masu sayen tsaba su kulle don riba. Ya yi ta zagi yana dannawa, mutane na zuwa da makullai yana korar su da hannu, har ya kai inda ƙarfinsa ya ƙare. Lokaci ya cika, lambar ta ɗauke kwabon.

A haɗuwar da ta biyo bayan isowar kaya, Tela ya shigo yana murmushi, ya warware 'yar jaka a kan tawul. Ga kwabon, hujinsa a karkace. Ya ce tunda Mai Huji ya fita, layi ya zo kansa, kuma gara ya zauna a cikinsu da ya tafi hannun bare. Ya ce shi rubuta iyakarsa kawai ya yi, ya jefa wayar a cikin kwandon zare ya ci gaba da ɗinki. Da ya duba da yamma sai ya tarar wani jaki ya yi ta tura farashin har ya kusa cinye masa jarin shago. Ya ce da zai ga jakin nan, da ya ɗinke masa yatsu.

Kawu ya cire tabarau ya ce, “Ni ne jakin.”

Mai kemis ne ya kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce masa, ya toshe baki da gefen riga. Ita ce ta ƙarasa ɓata komai.

Tela ya ce, “Kai da bakinka ka ce ka fita. A gabanmu ka rantse.”

“Shekara nawa kana zaune kusa da ni, ba ka san rantsuwata ba? Wa zai tsaya a kan kwabon nan haka in ba ni ba?”

“Da na ga sunanka da na janye, Allah ya sani. Ungo, ɗauki abinka.”

Ya tura masa a kan tawul. Kawu ko kallo bai yi ba. Ya ce shi ba sadaka ya zo nema ba, janyewa yake so, kuma lokacinta ya wuce. Ya tattara jakunkunansa ya fita.

Bai sake taka ɗakin ba. Ya koma kai ɗinki wajen wani tela da ke yi masa riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya riƙa sawa haka nan, mahaifiyarmu na cewa Yaya wannan fushi ne ko horon kai. In hanya ta biyo da shi ta gaban shagon Tela, sai ya tsallaka titi. Wata rana makullin shagon Tela ya karye, ya aiko maƙwabcinsa da guntayen kamar na maƙwabcin ne. Kawu na gani ya gane, don shi ya yanka na farkon. Ya yanka sabo, ya goge shi har yana ƙyalli, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce a gaya wa mai shi har yanzu bai iya murɗa makulli ba. Iyakar maganar da ta shiga tsakaninsu ke nan har Kawu ya rasu.

Ni dai ban yafe wa masu shafin nan ba. Sun zauna a ofis sun goge sunaye don a fi tsada, ba su san me suka goge ba. Yanzu ga 'ya'yan Kawu sun fito da aljihun teburin, babban yana ɗaukar hoton kwabban ɗaya bayan ɗaya a kan farar takarda, wai zai sa su a shafin, wai yanzu ya fi sauƙi. Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce ke 'yar mace ce a gidan nan, ina ruwanki da gadon wani. Gaskiya ne ba ni da ko kwabo a ciki, amma ni aka bar wa magana, kuma a gabansu zan maimaita ta har su gaji.

A shekararsa ta ƙarshe, lokacin da hannunsa ya fara rawa ya daina riƙe inji, na kai masa ziyara shago. Ya sa na ja kujera kusa, ya yi ta faɗa a kan ƙurar titi da tsadar tagulla, sannan ya ce:

“Ke ce mai riƙe zance a dangin nan, to riƙe wannan. In na tafi, kada ki bari a kai su wurin da ba a san sunan kowa ba. Ki sa a kai su bayan kemis, a baje a tawul, kowa ya ɗauki wanda ba shi da shi. Wancan mai almakashin ya fara zaɓa. In ya tambaya, ki ce tsarinki ne, ni ban ce komai ba.”