Muhawarata da Mai Homa

A da na yi imani cewa sanin sunan mutum ba ya rage komai a tsakaninku, sai dai ya ƙara. Ina ganin duk wanda ya ɓoye sunansa akwai abin da yake jin kunyarsa. Da wannan ra'ayi na fito jami'a, da shi kuma na kama aikin malamin gona a Birnin Kebbi, jihar tana kan ƙuruciyarta, unguwarmu ta Gesse rabi gidaje rabi fili.

Intanet ya iso mana ta shagunan kafe. Har yanzu ina tuna yadda nake ɗokin a tashi daga ofis in tafi in kama kujera, janareta na ruri a bayan shago, shafi na buɗewa a hankali kamar mai jin nauyin baƙi. A nan na ci karo da wani dandali na mutanen kwarin Rima, inda ake tattauna noma da su da halin da gulbi yake ciki. Kowa da laƙabinsa yake shiga. Ban so hakan ba, amma na bi al'adar wurin, na kira kaina Baƙo.

Rubutuna na farko a kan shinkafar rani ne. Na ce lokaci ya yi da manoman fadama za su rungumi injin ban-ruwa, su daina jiran ambaliya. Washegari na tarar da amsa daga wani mai laƙabin Mai Homa, wato ragar nan da masuntan Argungu ke faɗawa ruwa da ita. Ya ce da ganin maganata bai yi shakka ba ni ɗan birni ne, wanda bai san shinkafa ba sai a cikin kwano. Sannan ya jero tambayoyi a kan tsadar mai da gishirin ƙasa, waɗanda suka hana ni sukuni har na koma littattafaina.

Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Na mayar masa cewa ƙarnin kifi ya toshe masa basira, ya ce ƙarnin kifin ne ya biya kuɗin makarantar irina. Daga nan muka ɗinke. Shekaru muka yi muna kokawa a kan albasar Augie, da raguwar kifi, da ko gara a tura yara boko ko a bar su gona. Wani lokaci ya kayar da ni, wani lokaci in kayar da shi, kuma idan ya faɗi yakan amsa ba tare da kwana-kwana ba. Da wayoyi masu intanet suka zo, muhawarar ta biyo ni har gida. Matata takan gan ni ina dariya ni kaɗai, ta ce abokin faɗan nan nawa ya fi ta samun hira.

Ita 'yar Argungu ce, kuma mahaifinta tsohon shugaban makarantar firamare ne da ya yi ritaya. Duk lokacin da muka je gaisuwa, nakan tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, in tsugunna nesa da tabarmarsa, kaina a ƙasa. Zai tambayi aiki da mutanen gida, in ce lafiya lau. Ba na cin abinci a gabansa, ba na musa masa ko da ya ce rana daga yamma take fitowa. Haka surukuta take a wurinmu, kuma ban taɓa jin ta a matsayin nauyi ba.

Sai zamani ya fara juyawa. Aka ce kowa ya je ya yi rajistar layin wayarsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Na bi layi cikin murna, ina ganin ƙasa ta kama hanyar tsari. Ba da jimawa ba wani macuci ya shigo dandalinmu da sunan dillalin taki, ya damfari wasu manoma ya ɓace. Masu kula da dandalin suka kawo shawara cewa daga yanzu kowa ya bayyana sunansa na gaskiya da lambarsa mai rajista.

Ni ne kan gaba wajen goyon baya. Na yi dogon rubutu a kan amana da gaskiya, amma a ƙasan raina abin da nake zumuɗi daban ne: zan san Mai Homa. Har na tsara yadda zan je in same shi, mu ci gasasshen kifi a bakin gulbi, mu ƙarasa faɗan injin ban-ruwa ido da ido. Shi kuwa ya ƙi shawarar. Abin da ya rubuta mini gajere ne: "Ɗan birni, bar wagga magana. Akwai hirar da ba ta yiwuwa sai an rataye hula a waje." Na yi masa ba'a, na ce ko dai yana tsoron a gane tsoho ne marar haƙora. Rinjaye ya zo ɓangarenmu.

Ranar da aka saki jerin mambobi ina ofis, bayan azahar. Ban ma tsaya karanta suna ba, lambar da ke gaban laƙabinsa na kwafa na danna don in kira shi in fara tsokana. Kafin ta shiga, wayata ta nuna abin da na adana lambar da shi tun shekarar aurena: Baba Argungu. Na katse da sauri. Na zauna ina tuno kowace kalma da na taɓa jefa masa, da ƙarnin kifi, da maganar haƙora.

Mako na zagayowa muka je gaisuwa. A hanya na riƙa gaya wa kaina cewa mutumin nan abokina ne, na san dariyarsa ko da ban taɓa jin ta ba, kuma zan iya ɗaga kai in yi masa magana. Da na isa ƙofar zaure, ƙafafuna da kansu suka tuɓe takalmi. Na tsugunna inda na saba. Ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida. Ya kalli tabarma, sannan ya ce, "Malam, bana na sa injin a fadamata."

Amsoshi sun cika mini baki. Ina so in tambaye shi mai nawa yake sha, in ce ashe dai ɗan birni ya yi gaskiya. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba da albarka, Baba." Ya ce amin.

Na sha tambayar kaina ko ya daɗe da gane ni, shi ya sa ya ƙi shawarar. Ina zaton haka ne, domin na taɓa ambaton Gesse da aikina a rubuce-rubucena, shi kuwa mutum ne mai lura. Ban kuma yanke hukunci cewa mun yi kuskure ba, tunda ba a sake damfarar kowa a dandalin ba. Amma ban tambaye shi ba, don babu bakin da zan tambaye shi da shi.

Dandalin ya ci gaba da sunayen gaskiya. Da ni da shi duk mun zauna a ciki, kuma daga ranar babu wanda ya sake amsa rubutun ɗan'uwansa.