Dakta Ya Koma Bencin Baya

Dakta malamin lissafi ne a jami'a, kuma har ya yi furfura bai san wani aiki ba sai auna lanƙwasar siffofi. Ko kwano aka miƙa masa sai ya shafa bayansa tukuna. In hujja ta cije, yakan yanka siffar gutsi-gutsi, ya warware kowane shi kaɗai, ya dawo ya haɗe. Faci yake kiran abin.

Da aka zo rabon darussa, za a ba tsohon ɗalibinsa darasin siffofin aljabara, don shi ya karanto. Dakta ya gyara tabarau ya ce ai duk siffofi ne, a ba shi. Aka ba shi.

Ranar da abin ya fashe, ɗakin yayarsa ya wuce, farin alli har gwiwar hannu. Ta ajiye masa shayi, bai ko kalla ba.

"Lafiya, Auta?"

"Yaya, yau na cika allo da faci, ina ta murmushi. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, Malam, a nan ba a faci. Kuma gaskiyarta."

"Me ya hana?"

"Siffofinmu kamar yadi ne, a yanka a ɗinke. Na aljabara kamar ƙwai, ka taɓa gefe ka taɓa duka."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce gwada su nake." Ya kece da dariya. "Har yaba mata na yi. Da gemuna!"

Yaya ba ta taya shi ba. Ta ajiye carbinta a cinya.

"To da yaran nan za su fita da facinka su koya wa wasu fa?"

Ya daina dariya. Abin da ya yi ta kauce wa ke nan tun a hanya.

Washegari ya tsaya gaban aji ya ce ba gwaji ba ne, bai iya ba ne. Ya je da ƙafarsa ya kira tsohon ɗalibin, ya damƙa masa alli, ya nemi benci a baya. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa ba zai iya koyarwa Malam na zaune ba.

"Fara kawai," in ji Dakta. "Amma a hankali, akwai daƙiƙi a baya."

Yanzu bayan la'asar a teburin Yaya yake aikin gida, yana goge fiye da abin da ya rubuta. In ta zo shara, ƙafa kawai yake ɗagawa.

"Yaya, rage rediyon nan. Gobe za a karɓa, kuma yaron nan ba ya ɗaga wa kowa ƙafa."